Ƙaramar Tukunyar Gidan Gishiri

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Belbeji ya san Mairama Mai Gishiri, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan ta ƙarshen layin masu kanwa, dab da inda raƙuma ke durƙusawa, wadda ke jera kantu a bayanta ta tula beza a faifai a gabanta. Kantu na dabbobi ne, beza na miya. Fulani na saye a wurinta, Buzaye na saye, matan gari na zuwa da kwanukansu. Fara'a irin ta 'yan kasuwa kuwa, Allah bai ba ta ba. Ka taya ta ce albarka, ka ƙara ta ce albarka, ka gaji don kanka ka saya. Sai dai ba a taɓa samun yashi a gishirinta ba, shi ya sa ake haƙuri da fuskarta.

Abu biyu ake lura da su a jikinta. Ƙafafunta sun yi tauri tun ba ta tsufa ba, jan su take yi a ƙasa, ta ce ɗaukar kantu ne ya cinye su. Sannan komai zafin bazara ba ka ganin wuyanta a buɗe. Kullum da tsumma naɗe a wurin, kuma in rana ta take, sai ka ga ta kai hannu bayan wuyan ta shafa, ta dubi tafin hannunta, ta mayar da shi kan cinya. Maƙwabtanta na layi sun saba, ba mai tambaya.

Abin da ba a gani daga kasuwa yana gida. A gidan da gishiri ke kaiwa rufin ɗaki, akwai wata ƙaramar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, bakinta ya ɗan ɓalle, wadda tun da aka gina ta gishiri bai shiga cikinta ba. Wanda ke son sanin Mairama, daga wannan tukunya zai fara.

Ubanta, Malam Barmo, shi ne mai masaukin ayarin Bilma a garin. In kaka ta wuce, raƙuma su iso da gishiri da dabino, a sauke a ƙofar gidansa, a ɗora hatsi a koma. A cikin wannan hada-hada Mairama ta tashi, ita da ƙanenta Ila. Ila ɗan ƙiriniya ne na gaske. Shi ne hawa raƙumin baƙo, shi ne kwance akuyar maƙwabta, shi ne satar dabino ya rantse da bakinsa cike. Shekarar da fari ya kashe dabbobin ƙasar Damargu, yana ɗan shekara bakwai ko takwas, aka fara kama shi a ɗakin ajiya ya durƙusa yana lasar kantu. Aka yi dariya, aka ce Ila ya zama tunkiya. Sai kuma aka ga yana ƙara duhu, har dasashinsa ya yi baƙi, matan gidan suna buɗe masa baki suna cewa kai, wannan in ya girma 'yan mata sun shiga uku. Ba a daɗe ba dariyar ta ƙare. A kira shi bai waiwaya ba. Ya taho da gudu ya faɗi a fili, ba tuntuɓe ba komai. Maganarsa ta fara narkewa a bakinsa, ana ji ana gani.

Malam Barmo ya yi abin da uba ke yi. An yi rubutu an sha, an yi turare, an yanka abin yankawa. Da abin ya ƙi, sai yayarsa, Gwaggo Dado, ta taso daga Olelewa ta zauna a tsakar gida tana kallon yaron har ya rarrafa ya nufi ɗakin ajiya. Sannan ta kira ƙanenta.

«Barmo, kayan nan da kake saukewa, ta ina suke biyowa? Ta dajin da ba ruwa ba inuwa, ba kowa sai masu wurin. Kana tsammani a ratsa musu gida da kaya su ƙi biyo sawu? Ka ci shekara da shekaru, yanzu sun zo karɓar rabonsu. Duk lasar da yaron nan ya yi, amsa kiransu yake yi. Ku raba bakinsa da gishiri. In suka daina jin sa, sa koma inda suka fito.»

Kada a yi saurin zagin tsohuwar. Ta ga yaro na lasa, ta ga yaro na lalacewa, ta haɗa biyun, kuma ba wanda ke da maganar da ta fi tata a garin. Aka sa wa ɗakin ajiya kwaɗo. Uwarsu, Inna Fatu, ta je wurin magina ta sayo ƙaramar tukunya, ta riƙa yi wa Ila miyarsa daban, lami. Mairama ce ke riƙe masa hannaye in za a ba shi, don in an sake shi sai ya kai wa kwanon kowa wawura. Da bazara ta zo ya yi ɗan zazzaɓi da amai, irin wanda yara ke yi su tashi, shi bai tashi ba. Da aka dawo daga binne shi, Gwaggo Dado ta share hawaye ta ce an makara ne, sun riga sun ɗanɗana shi. Mairama na bayan ƙofa ta ji wannan magana, ta kuma ajiye ta a inda ba ta ɓata ba.

Ta yi aure, ta auri Ɗan Azumi, manomin gero mai gona a kwarin Tarka, mutum mai sanyin hali wanda in an tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce yadda kuka gani. Da Malam Barmo ya rasu bai bar ɗa namiji ba, ayari ya ci gaba da sauka a hannun Mairama, don ita ta san beza mai kyau da ido kawai. Ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Sahabi.

Ɗan fari ne, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunansa ba. «Yaron nan» take cewa, ko «wancan». Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka ake yi, ita kuwa Mairama ba ta yin abu rabi. Kakarsa ta wajen uba ta yaye shi ta riƙe, sai da ta rasu ya dawo ɗakin uwarsa, yaro mai yawan tambaya da kunnuwa a tsaye. Ta so shi son da ba ta da inda za ta ajiye shi.

Wata rana da hantsi ta shiga ɗakin ajiya ɗauko kantu, ta same shi a lungu ya durƙusa, harshensa a kan gishiri. Ba ta yi ihu ba. Ta finciko shi waje, ta buɗe masa baki a hasken rana ta duba dasashi. A ranar ta je gidan Inna Fatu. Uwar na ganin fuskarta ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar a naɗe a zane. An makara a kan Ila, ita ba za ta makara ba.

Ta kuwa tsare abin fiye da uwarta. Kwaɗo biyu ta sa. Ta hana maƙwabta ba shi ko loma. Ranar da ta kama shi ya tsinci ɓarɓashin beza a bakin zaure, ta matse masa kumatu ta sa yatsa ta ƙwaƙulo, ta wanke masa baki da ruwa yana kuka tana kuka. Amma ciwon ya ci gaba da bin hanyar da ya bi da Ila: kunne, sannan ƙafa, sannan harshe. Da ya kasa tafiya sai kunya ta yi mata rangwame, don ba mai cewa uwa ta yi rashin ta-ido in ta goya ɗan da ba ya tashi. Ta samo babban majanyi ta riƙa goya shi, ƙafafunsa na dukan gwiwoyinta, ta je rijiya da shi, ta je kasuwa da shi.

A wannan goyon ne ya koyi wani abu. In rana ta yi zafi, gumi ya karyo mata, sai ya kwantar da fuska a bayan wuyanta ya riƙa lasa a hankali. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A ranta ta ce yaron nan ba shi da bakin da zai kira ta Inna, ita ma ba ta da bakin da za ta kira sunansa, to ga yadda yake gaya mata yana son ta. Takan ƙi sauke shi ko an iso gida, ta tsaya a rana tana gyara abin da bai lalace ba, don kada ya daina. A duk tsawon jinyar nan, wannan ne kaɗai abin daɗin da ta samu.

A bayanta ya cika. Bazara ce, ya kwana da zazzaɓi da amai, ta goya shi za ta kai shi wurin malam a wancan gefen gari. Tana tafiya tana jin harshen a wuyanta, ya bushe, yana karce ta. A tsakiyar fili, rana tsaka, sai ta ji ya tsaya, nauyinsa ya sauya. Ba ta kwance majanyin ba. Ta juya ta koma gida da shi a haka, tana amsa gaisuwar mutane a hanya.

Tun daga ranar, in rana ta take, tana jin damshi a bayan wuyanta. Ba mafarki ba ne, ba dare ba ne, a tsakiyar kasuwa ne ana ciniki. Ta shafa ta duba, ba komai. Shi ya sa tsumman.

Bayan Sahabi mata ta yi ta haifa, ta gode Allah, don masu dajin ba su kiran mata. Ɗan Azumi ya rasu cikin sanyinsa. Raƙuma suka ragu, manyan motoci suka karɓi yawancin jigilar gishirin, Mairama na nan a ƙarshen layi. Autarta Balki ta yi aure a Tanut ta haifi Habibu, wanda Mairama ke kira Maigida. Da jika ba kunya. In sun zo hutu ta ce, «Maigida, ina cefane? Ko an yi mini kishiya a Tanut?» shi kuma ya ce ya sake ta, tsohuwa mai jan ƙafa. Duk wasan da ta hana kanta a kan ɗanta, a kan wannan yaro ta juye shi.

Yana aji biyu a lakwal, makarantar boko, mushensu, malamin ajin, ya kira Balki ya ce yaron ya daina saurare, rubutunsa na gangarewa daga layi. Aka ce iskanci ne, aka yi masa faɗa. Sai faɗuwa ta fara. Mijin Balki na can ci-rani, don haka ta kwaso yaron ta taho Belbeji. Mairama ta tarye su a zaure, ta ce Maigida sannu da hanya, ya dube ta kamar daga nesa ya yi murmushi. A cikin murmushin ta ga dasashin. Ta zauna a ƙasa.

Da yamma ta sauko da tukunyar daga saman rumbu ta wanke.

Balki ta ce, «Inna, wannan fa maganar mutanen da ce.»

«Mutanen da ɗin su suka binne mini ƙane. Ni na binne yayanki. Ke wa kika binne?»

Balki ta yi lakwal, ta san ana cewa camfi, amma a gidan nan ta girma, kuma tsoron da aka shayar da mutum da shi ba ya fita da karatu.

Habibu ya daina tafiya, ya daina magana, Mairama ta fito da babban majanyi. Da ƙafafunta masu tauri take goya shi daga ɗaki zuwa inuwa, kuma ranar da ta fara jin harshensa a wuyanta sai da ta dafa bango. Amma wannan karon akwai ƙaramin asibiti a gari, kuma Balki ba ta wasa da zuwa. Yaron ya riƙa yin wani irin kwanciya: amai, ya yi laƙwas, hannuwa su yi sanyi, ido ya faɗa. A kai shi, majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya duba, wani lokaci a samu pali, zazzaɓin cizon sauro, a ba shi magani, a ɗaura masa serom, ledar ƙarin ruwa. Kafin ledar ta ƙare sai ya buɗe ido ya nemi abinci. A koma gida, bayan ɗan lokaci a sake. Kowa ya ce ai ciwon kansa ne, mai irin wannan lalura haka yake, yau lafiya gobe babu. Shi kuwa ba shi da bakin da zai ce jiri nake ji, ko cikina ke ciwo. Abin da bai faɗa ba, sai aka ɗora wa abin da ake gani.

A bazarar da ya cika tara ya yi kwanciyar da ta fi ta kullum. Majo ya auna ya sake aunawa, ya ce wa Balki, «Ban ga pali ba wannan karon, amma tansiyonsa, wato ƙarfin bugun jininsa, ya faɗi ƙwarai, sukarinsa ma haka. Wannan ya fi ƙarfin nan. Ku tafi Damagaram yanzu.» Mairama ta rufe rumfa ta shiga motar asibiti, kan yaron a cinyarta. Ta san wannan zafin, ta san wannan amai, sau biyu ta ga inda suke kaiwa. Duk tsawon hanya tana lissafin inda ta yi sakaci, ko wani ya ba shi loma ba ta sani ba.

A ɗakin yara na babban asibiti suka samu Lokotoro Zuhaira, matashiya mai gilashi da saurin hannu. Ta sa aka ɗaura serom, ta buɗe shi yana gudu. Ganin tsohuwa ta ƙura wa ledar ido, sai ta so kwantar mata da hankali.

«Kada ki damu, Inna. Ba wani abu ba ne, ruwan gishiri ne da ɗan sukari. Jikinsa ya bushe.»

Ba wanda ya taɓa ganin Mairama ta yi sauri sai ranar. Ta miƙe ta damƙe robar da hannu biyu ta matse.

«Cire! Ku cire masa! Ba a ba shi gishiri!»

Balki ta riƙe ta, wata ma'aikaciya ta taho a guje. Lokotoro Zuhaira ta ɗaga musu hannu. Ta ɓamɓare yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya daga robar, ba ta sake su ba, ta riƙe su a hannunta.

«Wa ya hana shi gishiri, Inna?»

«Ni.»

«Don me?»

«Don yana nema.»

Likitar ta saki hannun a hankali. «Yana nema kamar yaya?»

«Kantu yake lasa, na dabbobi. In na rufe ɗaki ya lashi ƙasar bakin ƙofa.»

«Gumi fa? In an goya shi, yana lasar jikin mai goyon?»

Hannun Mairama ya tafi kan tsumman wuyanta. Ba ta taɓa gaya wa ɗan Adam ba, ga yarinyar da ba ta kai Balki ba tana tambaya kamar mai tambayar ko ya yi tari.

Lokotoro Zuhaira ba ta jira amsa ba. Ta ɗaga leɓen Habibu ta haska dasashi da cikin kumatu. Ta buɗe tafin hannunsa ta bi layukan da yatsa, sun yi baƙi kamar an zana da gawayi. Ta duba tsohon tabon gwiwarsa. Ta tambaya ko da can haka launinsa yake, Balki ta ce a'a, ya fi ta haske da aka haife shi, sun ɗauka rana ce. Nan take ta sa aka ɗebi jini, ta ce a kawo wata allura maza, ba za a jira sakamako ba. Sai da allurar ta shiga ta juyo.

«An taɓa yin mai irin wannan a danginku?»

«Ƙanena, Ila. Da...» Mairama ta tsaya. «Da wani yaro.»

«Wane yaro?»

«Yayana ne, ɗanta na fari,» in ji Balki. «Sahabi.»

Kafin la'asar Habibu ya buɗe ido. Washegari ya sha koko ya riƙe. An aika jinin Yamai, kuma kafin amsa ta dawo yaron na zaune an jingina shi da matashi, yana bin ƙuda da ido. Ranar da amsar ta zo likitar ta zaunar da su biyu a ofishinta ta yi musu bayani da Hausa, ba ta sa faransanci ba sai sunan magani.

Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama, bai fi ƙwallon dabino ba. Shi ke fitar da abin da ke tallafe jiki in zazzaɓi ko wahala ta zo, shi kuma ke riƙe gishiri kada ya zube da fitsari. Na Habibu sun gaji, ba su aiki. Shi ya sa yake duhu, shi ya sa ɗan zazzaɓi ke kayar da shi, shi ya sa yake neman gishiri kamar mai ƙishirwa. Ta ce a yaran da ba su magana abin na da wuyar ganewa, don kasala da amai kowa sai ya ce ciwon kai ne, duhun fata kuma a jikinmu ba ya nunawa sai an leƙa baki da tafin hannu. Da Inna ba ta damƙe robar nan ba, mai yiwuwa ita ma da ta ƙara masa ruwa ta sallame su.

Sannan ta faɗi wanda ba shi da daɗi. Tana zaton ciwon kan da na ƙodar tushensu ɗaya, ciwo ne da ke bin jini, mata su ɗauka su miƙa wa 'ya'yansu maza, su kansu sai dai ƙafa ta yi musu tauri in sun manyanta. Awon da zai tabbatar babu shi a nan. Ta ɗan dubi ƙafafun Mairama ta kau da ido. «Ba laifin kowa ba ne, Inna. Ba ki zaɓa ba, uwarki ma ba ta zaɓa ba. Tafiyarsa da maganarsa ba zan ce miki za su dawo ba, kuma ciwon kan zai iya ci gaba. Amma wannan kwanciyar da ke neman ransa duk bazara, tana da magani. Ƙwaya ce, kullum, ba fashi ko ya yi kama da ya warke. In ya yi zazzaɓi a ƙara yadda zan nuna wa Balki, in yana amai a kawo shi a yi allura. Kuma ku ba shi gishiri.»

Mairama ta sunkuyar da kai. Shekara da shekaru tana tsare ƙofa kada masu daji su shigo, ashe abin a cikin ɗaki yake, a jikinta. Da ta ɗago, tambaya ɗaya ta yi.

«Wancan yaron. Da na bar shi ya lasa, da ya rayu?»

«Rai na Allah ne, Inna. Gishiri kaɗai ba zai tsayar da ciwon ba, sai da maganin, kuma a lokacin ba mai kawo miki shi.»

«Ban tambaye ki magani ba, 'yata.»

Likitar ta cire gilashinta ta goge. «Da ya ji sauƙi,» ta ce. «Jikinsa ne ke roƙo.»

Ranar da aka sallame su Mairama ta ƙi yarda Balki ta ɗauke shi, ita ta goya shi zuwa tasha. Rana ta take, gumi na bin bayanta, ta kwance tsumman wuyanta ta riƙe a hannu. Habibu ya kwantar da kumatunsa a wurin, numfashinsa na hura mata fata. Ta rage tafiya tana jira. Ya gyara kai ya yi barcinsa. Ya ƙoshi, ba abin da yake nema a wuyanta.

Sun iso Belbeji maƙwabta na ta barka, ana cewa Maigida ya dawo, ya yi kumatu. Mairama ta amsa abin da ya samu. Da mutane suka watse ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, sannan hannunta da kansa ya ɗauko ƙaramar ya ɗora a gefe, kamar kullum. Ruwa ya tafasa, ta sa daddawa, ta kaɗa kuka.

Mace na ɗanɗana miya ne don ta ji gishiri. Tukunyar da ba a sa wa gishiri ba abin da za a ji a cikinta, saboda haka tun ranar da ta karɓo ta daga hannun Inna Fatu, Mairama ba ta taɓa kai miyarta baki ba. Yau ta tsoma ludayi ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Yauƙi ne kawai da ɗumi, ya tsaya mata a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Wannan ta riƙa ɗura masa safe da yamma, a gidan da gishiri ke kaiwa rufin ɗaki, shi kuma yana jiran rana ta yi zafi ta goya shi.

«Sahabi,» ta ce.

Balki, da ke tankaɗe a bakin ɗaki, ta tsaya da rariya a hannu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarta ba.

Mairama ta sake faɗa, a hankali, tana duban cikin tukunyar. Sannan ta goge fuska da tsumman wuyanta, ta jefa shi kan itace, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba.

«Balki, miƙo mini beza. Ki bar ɗakin ajiyar a buɗe.»